Murhun Bature a Ɗakin Jego

Ɗaki ma yana numfashi kamar mutum. Ɗakin jinka irin wanda muka tashi muka tarar, ko ka hura wuta a tsakiyarsa ka saki asabari, hayaƙi zai bi ta cikin ciyawa ya fice, iska ta ratso ta zauna inda ya bari. Ba wanda ya koya wa kakanninmu wannan, ba su ma san suna da shi ba. Sai da kwano da siminti suka shigo ƙasar nan aka fara gina ɗakin da ba shi da hanci.

Zamanin Turawa ne, bayan sojojinmu sun komo daga yaƙin Bama. A Bodinga akwai wani magini ana ce da shi Ɗahiru. Ya yi shekaru yana aikin gini a Sakkwato, a unguwar Turawa, can ya koyi ɗora kwano da shafen siminti, ya dawo gida hannunsa ya faɗa. Mutum ne mai kawaici har ya yi yawa, in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Matarsa Safinatu 'yar Shagari ce, ɗiyar wani manomin albasa mai suna Malami da matarsa Hajara. Yana sonta ƙwarai, amma ba za ka taɓa jin sunanta a bakinsa gaban jama'a ba, sai dai ya ce mutanen gida.

A shekarun nan ne dokar gini ta iso daga Sakkwato. Aka yi shela a kasuwanni cewa duk wanda zai rufa ɗaki da kwano ya shafe shi da siminti, sai ya bar kafar iska a saman bango, ƙarƙashin rufi. In kuma zai sa murhun da ke cin kananzir a ciki, dole bututunsa ya ratsa bango ya fita waje. Duba-gari, wato ma'aikacin En'e mai zagayen tsabta, shi aka ɗora wa lura da wannan. Mutane suka yi ta guna-guni. Wasu suka ce Bature ya gama ƙirga kawunanmu da shanunmu, yanzu ya koma ƙirga ramukan bango. Wasu sukan bar kafar, duba-gari na juya baya su liƙe ta da laka.

Ɗahiru ba ya cikin masu guna-gunin, don shi ya ga abin da idonsa. Can Sakkwato wani kuku ya taɓa shigar da irin murhun nan ɗakinsa lokacin ɗari, ba bututu, ya ja ƙyaure ya kwanta. Kamar gawa aka fito da shi, aka yi ta zuba masa ruwa kafin ya farfaɗo. Likita ya gaya musu wutar kananzir tana cinye iskar ɗaki, ta fitar da wata iska wadda ba a ganinta, ba a jin warinta, sai dai ta ɗaure wa mutum kai ta sa shi barci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun daga ranar Ɗahiru bai sake ɗora kwano bai bar kafa ba.

Da wani Bature da ya yi wa gyaran gida zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa murhunsa na ɗumama ɗaki. Baƙin ƙarfe ne mai tsawon turmi, da tankin kananzir a gindi, da lagwani, da dogon bututun kwano mai lanƙwasa a kai. Ɗahiru ya ɗauro shi bisa jaki har Bodinga, ya ajiye a kusurwa ya rufe da buhu.

Ana nan Safinatu ta sami ciki, cikin fari. Al'ada ce ta koma gaban iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego a can. Kowa ya san ka'idar jego. Mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, babban abin tsoro sanyi ya shige ta. Don haka sai wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu safe da yamma, sai kunun kanwa, sai kwanciya bisa gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi a ƙarƙashi, har a yi arba'in. To Safinatu tana da tari tun tana yarinya, hayaƙin itace kan tayar mata da shi har ta kasa magana. Kuma lissafi ya nuna haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari. Ga shi damina ta ci ɗakin da za ta sauka a gidan Malami, bango ɗaya ya zube.

Ɗahiru ya tura amininsa Mode, wanda shi ne ɗan aikensa tun lokacin neman aure, ya roƙi surukinsa izinin ya ta da ɗakin. Malami ya yi murna. Bayan an cire gero Ɗahiru ya zo da tubali da kwano da siminti, ya gina ɗaki a kusurwar gidan, bayansa yana kallon lungu. Duk kwanakin da ya yi yana aikin, in Inna Hajara za ta gitta sai ya juya fuska bango, ita kuma ta ja mayafi ta wuce da sauri. Abinci ma ba ya ci a gidan, sai ya je gidan ƙanin Mode. Haka surukai ke yi a wancan lokacin, kuma ba wanda ke ganin abin da nauyi.

Ya bar kafar iska a sama. Ya huda bango ya fitar da bututun murhu, ya liƙe gefensa da siminti. Ya sa ƙyauren katako wanda ke rufuwa ruf, irin wanda ba kowa ke da shi ba a Shagari. Da duba-gari ya zo zagaye ya shiga ya duba, ya sa hannu a kafar, ya ƙwanƙwasa bututun, ya ce da kowa zai yi gini haka da ya huta da yawo. Ya ja kunnen Malami cewa kada a taɓa bututun nan, kada a toshe kafar. Malami ya ce to, ranka shi daɗe. Amma a zaure aka yi maganar, tsakanin maza, kuma jego ba a zaure ake yinsa ba.

Safinatu ta haihu lafiya, mace. Aka fara wanka. Kananzir ba abin wasa ba ne a lokacin, don haka ba a kwana da murhun, sai bayan wankan safe da na yamma ake kunna shi ta kwanta ta gasu. Da fari Inna Hajara ta yaba. Ba hayaƙi, ba toka, tarin ɗiyarta bai tashi ba. Sai dai ita mace ce da ta yi jegon 'ya'ya da yawa, nata da na 'yan'uwa, kuma a saninta ɗakin mai jego sai ka shiga ka ji gumi ya keto maka. Wannan ɗumi ne kawai.

Wata safiya ta zagaya lungu neman akuyarta, sai ta ɗaga kai ta ga ƙadangaru jere bisa bututun suna lumshe ido. Ta kai hannu, zafi ya sa ta janye.

"Wanga wane irin aiki na?" ta ce da tsohuwarta, Kaka Tani, da ta dawo ciki. "Mu ka ƙona mai, ƙadangaru ka shan zahi. Ga rami can sama kamar bakin tulu, sanyi na kwararowa bisa kan yarinya."

Kaka Tani ta ce ai dama namiji bai san jego ba, balle Bature. Su biyu suka kama bututun suka girgiza har ya zare, suka jingine shi bayan rumbu. Suka cusa tsumma a ramin da ya bari, suka taka turmi suka cusa wani a kafar sama. Nan da nan ɗaki ya ɗauki zafi. Inna Hajara ta ce yanzu aka fara jego. Ba mugunta ta yi ba, kowa ya shaida. Abin da uwarta ta yi mata shi ta yi wa ɗiyarta, kuma a ɗakin jinka da ya yi daidai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ran suna Ɗahiru ya zo daga Bodinga da abokansa, aka raɗa wa jaririya Rahamatu. Shi angon ƙarni ba ya zama inda ake taro, balle haihuwar fari ce, sai ya laɓe can nesa kamar ba nasa ba. Cikin laɓe-laɓen nan ya bi ta lungu, ya ɗaga kai, ya ga ba bututu, ga tsumma ya leƙo ta ramuka biyu.

Ya ja Mode gefe ya ce ya je ya gaya wa Malami, in ba a mayar da bututu ba an buɗe kafa, murhun nan yana iya kisa. Haka ya faɗa, da kalmar kisa a ciki. Amma Mode da ya je ya tarar da zaure cike da 'yan barka, ana rabon goro, malamai na addu'a. Ya ga ba zai iya ambaton mutuwa a gidan suna ba. Ya durƙusa ya raɗa wa Malami cewa Ɗahiru ya ce murhun ya fi son a bar shi da bututunsa. Malami ya gyaɗa kai, ya ce za a duba, amma fa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Da yamma da ya shiga gida ya ce da Hajara surukinta na gaisuwa, ya ce a riƙa kula da murhu. Ta ce ana kula, kullum sai ta goge shi da toka har yana ƙyalli.

Ka ji yadda magana ta tashi da ƙafa huɗu daga bakin Ɗahiru ta isa da rarrafe. Zuwa da kai ya fi aike, amma wa ya isa ya je da kansa gaban uwar matarsa ya ce ta yi kuskure a jegon ɗiyarta?

Ya koma Bodinga yana gaya wa kansa an gyara. Da kasuwar Shagari ta zagayo ya ɗauko garwar kananzir da ƙafafun saniya na ƙaurin mai jego, ya zo. Kafin ya yi sallama ya fara bi ta lungu. Tsumma na nan inda yake. Ya duba gabas ya duba yamma ba kowa, ya tsinci kara, ya taka wani dutse ya zungure tsumman kafar sama har ya faɗa ciki. Iska mai zafi ta bugo masa fuska.

"Wane na nan?" Muryar Safinatu ce daga ciki, a hankali.

"Ni na."

Sai ya ji 'yar dariyarta. "Angon ƙarni ya koma ɓarawon tsumma?"

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta jikinta. Ta ce da sauƙi, sai dai in an kunna murhu kanta kan yi ciwo kamar an ɗaure shi da igiyar guga, in ta miƙe ɗaki ya riƙa juyawa. In an buɗe ƙofa ana shige da fice sai ta ji dama. Ta ce Inna ta ce sanyi ne ya fara shigarta. Ya tambayi jaririya, ba da suna ba. Ta ce tana wajen Kaka, sai shan nono ake kawo ta.

"Ba sanyi ba na," ya ce. "Murhun ga na. Kar ki bari a sake toshe kahwar ga."

"Ni? Ni da ko ɗiyar da na haihwa ban isa in ɗauka gaban Inna ba? In na yi magana cewa za ta yi ƙin wanka ni kai. Ka hwaɗa mata da bakinka. Kai ka gina, kai ka kawo abinka, taka za ta ji."

Ya ce zai faɗa.

"Yau?"

"Yau."

Ya zagayo ya yi sallama. Malami yana fadama wajen albasa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya tuɓe takalma tun daga waje, ya zauna a ƙasa gefen tabarmar, kai a sunkuye. Inna Hajara ta zo ta tsaya bayan ƙofar ciki inda ba za su ga juna ba. Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina ɗari, ina mutanen Bodinga, yaya muka ji da hidima. Ita ta yi godiyar ƙauri, shi ya yi godiyar ɗawainiya. Aka sake zagayowa. Da gaisuwa ta ƙare, ya ga in bai yi magana yanzu ba za ta juya.

"Inna, dama batun murhun ga na. Bututun da anka cire..."

Sai ga Kaka Tani ta ratso da jaririya a kafaɗa. Ita kakar mata abokiyar wasa ce, ba kunya tsakaninta da mijin jikarta, abin da ta ga dama shi take faɗa.

"Ku zo ku ji min mara kunya," ta ce, tana ɗaga murya don na cikin gida su ji. "Ɗan hwari, cibi bai gama warkewa ba, ya zo koya muna jego. Kai haihuwa nawa ka yi? Wagga da ka ka gani bayan ƙohwa ni na gasa ta bisa gadon wuta, ga ta nan garau kamar goɗiya. Ko tausayin matarka ka ka ji har ya hana ka zama Bodinga? In kewa ta, ka hwaɗi. Ga ni, ɗauke ni bisa keke, ni ban jego."

Matan cikin gida suka kwashe da dariya. Wata ta ce a bar bawan Allah, wata ta ce a'a, a bar Kaka ta ci tararsa. Kaka Tani ta miƙo masa jaririyar tana cewa ya karɓa mana, tunda ya zubar da kunya ya ƙarasa. Ya kau da kai. Ita ma Inna Hajara kunyar ta kama ta, don an ambaci kewa a gabanta. Ta ce, "Mun gode, Allah shi yi albarka," ya ji tafiyarta tana nisa.

Kalma ɗaya ta rage a bakinsa, ya haɗiye ta. Ya duba garwar kananzir da ke gefensa. Zuciyarsa ta ce ya ɗauke ta ya koma da ita, in ba mai ai ba wuta. Wata zuciyar ta ce gobe duk Shagari za a ji surukin Malami ya kawo abu ya koma da shi, marowaci, an yi masa wasa ya yi fushi. Ya tashi ya sa takalmansa ya bar garwar nan. A hanya ya riƙa lallashin kansa cewa ai ya buɗe kafar sama, ko ita kaɗai ta isa.

Ina faɗa muku, kunya ado ce, ba mu ƙi ta ba, ita ta riƙe gidajenmu. Amma malaman da suka koya mana ita su ne suka ce in rai na cikin haɗari ko salla ana yankewa.

Da yamma Inna Hajara ta tarar da tsumma a ƙasa da kafa a buɗe. Ta ce aikin yaran lungu ne. Wannan karon ta kwaɓa laka da ciyawa ta liƙe ramukan biyu, ta shafe da hannu. Safinatu ta ce, Inna, ko a bar ta. Inna ta ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Kwanaki suka biyo, ciwon kai ya ƙaru, har da amai. Duk wannan a idon Inna Hajara shaida ce sanyi ya kama jiki, kuma maganin sanyi zafi. Ta ƙara tsawon lagwani. Ta hana 'yan barka shiga. Ta rataya bargo bisa ƙyaure, ta tura buhu a ƙarƙashinsa.

Can Bodinga Ɗahiru yana ginin ɗakin wani attajiri. Ɗari ya tsananta a makon, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori. Wata safiya yana bisa tsani yana gyara bakin kafar iska, ya sa hannunsa ciki don ya daidaita laka, sai ya ji sanyin iska na bi ta tsakanin yatsunsa. Ya tsaya haka. Ya tuna mutanen da yake yi wa aiki, yadda suke liƙe kafa duba-gari na juya baya. In su da aka tsorata da tara suna liƙewa, ina ga tsohuwar da ke ganin ran ɗiyarta take karewa? Ya sauko bai wanke hannu ba, ya hau keke ya miƙi hanyar Shagari.

Hantsi ya ɗaga sosai da ya isa. Ya shiga lungu ya ɗaga kai. Laka ce, ta bushe har ta tsage. Ya kira sunan Safinatu, sunan da bai taɓa kira da ƙarfi ba. Shiru.

Bai yi sallama ba. Da takalmansa ya ratsa zaure ya faɗa tsakar gidan surukansa. Mata suka watse neman mayafi. Kaka Tani tana zaune a rana da jaririya bisa cinya, ta buɗe baki za ta yi wasa, ta ga fuskarsa ta fasa. Inna Hajara tana gaban tukunyar kunu. Ta miƙe, muciya a hannu, ta ce masa a hankali kada ya tashi Safinatu, tun da aka gama wanka take barci, yau ne ta fara samun barci mai daɗi.

Ya fizge bargon ya bangaje ƙyaure. Zafi ya tare shi kamar bakin tanda. Wutar murhu ta koma rawaya, tana lilo ƙasa-ƙasa. Safinatu na kwance rigingine, hannu ɗaya ya sauko ƙasa wajen ƙofa, leɓɓanta jajur kamar ta ci fure da goro. Ya sungume ta ya fito da ita tsakar gida, a gaban uwarta da kakarta, ya shimfiɗe ta a ƙasa. Ya koma ya kashe murhun. Aka yi ta yayyafa ruwa, ana fifita da faifai, ana kiran sunan Allah. Inna Hajara tana girgiza ta tana cewa barci ne, barci ne take yi. Can sai ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi da ƙara kamar ana jan guga mai nauyi. Amma ba ta buɗe ido ba.

Aka yi sa'a motar masu albasa za ta Sakkwato, aka sa ta ciki, Ɗahiru da Malami suka bi. Ta daɗe a asibiti. Sai da ɗari ya wuce aka fara jin zafin bazara aka dawo da ita.

Ta dawo da ranta, amma ba duka ta dawo ba. Hannunta na dama yana rawa, ba ta iya riƙe ludayi. Magana sai ta fara ta tsaya tana neman ƙarshenta. Da aka miƙa mata Rahamatu ta karɓa da murmushi, ta tambayi ɗiyar wa ce. Nono ya riga ya ƙafe, da madarar akuya aka raini yarinyar. Likita ya ce wani abin zai dawo da sannu, wani ba zai dawo ba, kuma haka aka yi.

Ranar da Ɗahiru ya zo ɗaukarta zuwa Bodinga, yana zaune a zaure gefen tabarma kamar kullum, sai Inna Hajara ta fito. Ba ta tsaya bayan ƙofa ba. Ta shigo ta zauna a ƙasa tana fuskantarsa, ba gaisuwa.

"Ɗahiru," ta ce. Tun da ya auri ɗiyarta ba ta taɓa kama sunansa ba. "Ka san abin ga na kisa?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun kahin in kawo shi."

"To mi hana ka hwaɗa min?"

"Na aiko."

"Aikenka cewa anka yi in kula da murhu. Na kula. Kullum sai na goge shi." Ta duba tafin hannunta, hannun da ya shafe lakar. "Ran da ka zamna nan, ina bayan ƙohwar can. Da ka ce min mutuwa, kalma guda, da na rushe bangon da hwarcena."

Ya ce, "Nauyinki na ji, Inna."

"To ga nauyi nan mun ɗauka, ni da kai."

Ba ta yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Ta tashi ta shiga ta haɗa wa ɗiyarta kaya. Ba wanda ya kai ƙara, ba wanda ya ci tarar wani. Duba-gari da ya zo zagaye ya ji labari, ya tsaya a lungu yana kallon lakar, ya hau kekensa ya tafi. Kaka Tani ba ta sake yi wa Ɗahiru wasa ba har ta bar duniya, in ya zo sai ta gaishe shi kamar baƙo. Ɗakin kuwa Malami ya fasa lakar ya mayar da shi ma'ajin irin albasa, don albasa ma tana son iska. Murhun yana can bayan rumbu tare da bututunsa, tsatsa ta cinye su.

A Bodinga Ɗahiru, wanda ya rufa wa rabin attajiran gari kwano, ya gina wa Safinatu ɗakin jinka. Ya ci gaba da sana'arsa, sai dai halinsa ya sake. In ya gama ɗaki ya bar kafa, ba ya tsayawa ga mai gida. Sai ya ce a kira masa matan gidan, tsofaffi da yara, ya tsaya a gabansu ya nuna kafar ya ce in kuka toshe wannan kuka kunna wuta, mutuwa za a yi. Haka yake faɗa, ba sakayawa. Wasu suka riƙa cewa maginin nan ba shi da ta ido. Bai damu ba. Amma da na sani ƙeya ce, a baya take.

Safinatu ta yi shekaru tare da shi. Ta koyi daka da hannun hagu, ta gane Rahamatu ɗiyarta ce, ko da yake wani lokaci takan kira ta da sunan wata ƙanwarta ita Safinatu. Abubuwa da yawa sun goge a kanta, har bikinsu ba ta tuna shi. Abu ɗaya ya tsaya. Duk shekara in ɗari ya shigo, ta ga an fara kakkaɓe barguna, sai ta zo inda yake zaune ta rage murya kamar mai magana ta bayan bango.

"Ka hwaɗa ma Inna?"

Shi kuma ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Na hwaɗa."

Sai ta gyaɗa kai, hankalinta ya kwanta, ta koma bakin aikinta.